Su wa ke zama a bencin sujadar Hausa yanzu?

Dattijo, cikin garin Katsina:
Salama gare ku 'yan'uwa. Shekara 11 ke nan littafin ƙirgar masu sujada yana hannuna a majami'armu. Sujada biyu muke yi ran Lahadi, ta Turanci da bakwai na safe, ta Hausa da tara da rabi. A da, ta Hausa sai an shimfiɗa tabarmi a waje. Sannu a hankali ta koma ta tsofaffi, har ina iya faɗin wanda bai zo ba ba tare da na buɗe littafi ba. Shekarun nan ta sake cika, amma ba da 'ya'yanmu ba. Mutanen ƙauye ne da 'yan bindiga suka taso daga wajen Faskari da Ƙanƙara. Namu kuwa, wasu suna ta Turanci, wasu sun koma sabbin cocin nan masu hayar shago, wasu suna ɗaki da waya a kunne. Haka yake a wurarenku? Kowa ya faɗi abin da idonsa ya gani, ban da "an ce".

Uwar Zumunta, Malumfashi:
Baba, ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. 'Yata ta dawo hutu daga jami'a a Dutsin-Ma, kullum da sassafe sai in ji ta a ɗaki tana ta addu'a da ƙarfi da Turanci. Na leƙa, ashe wani fasto take bi kai tsaye a waya, tana danna "Amin" da yatsa. Ba zan yi mata ƙarya ba, ta fi ni yawan addu'a, azumi ma ta fi ni. Amma da na miƙa mata Littafi Mai Tsarki na Hausa na ce ta karanta mana Zabura 23 a addu'ar dare, sai ta riƙa tuntuɓe kamar 'yar aji biyu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne zakkarta. Can Legas take tura ta, wa mutumin da bai san sunanta ba. Lokacin da babanta ya kwanta asibiti sati uku, matan Zumunta, ƙungiyar matan majami'armu, ne suka riƙa karɓa-karɓa, wannan ta kawo kunu, waccan ta kwana da ni. Na ce mata, "Wayar taki ta zo dubiya?" Ta yi dariya, ni kuma ba wasa nake ba.

Matashi, Ƙofar Ƙaura:
Mama, a yi haƙuri in sa baki, don ina cikin waɗanda ake magana a kansu. Ban bar Yesu ba, benci na bari. A cocin da na tashi, sanarwa ta fi wa'azi tsawo: kuɗin gini, kuɗin taron gunduma, kuɗin sallamar fasto. Na taɓa tambaya a nazarin Littafi me ya sa muke addu'ar tsaro shekara da shekaru ana ta ɗaukar mutane, aka ce yaro ba ya irin wannan tambaya. Inda nake zuwa yanzu, sati na biyu aka damƙa mini na'urar sauti. Wani a can ne ya haɗa ni da aikin sola da nake ci da shi. Ina sane ana matsa wa mutane da maganar "shuka iri", wato ba da kuɗi don a samu albarka, ba na so, amma a can an san ina da amfani.

Mai bishara, yanzu a Funtua:
Ku kuna maganar wanda ya ƙi zuwa, ni majami'ar tawa ce ke kulle. Makullin yana aljihuna. A da, ran godiyar kaka, damin dawa da masara har gaban bagade, da shi nake ci har damina ta zagayo. Da farko kwanan addu'a muka daina, sai muka rage sujada zuwa awa ɗaya ana sa yara a kan itace suna duba hanya, daga baya kowa ya kama gabansa. Mahaifina a Babbar Ruga, kusa da Katsina, ya koyi karatu, lokacin da 'yan mishan na SIM (Sudan Interior Mission) ke jinyar kutare a wurin, da tsohuwar fassarar Littafi Mai Tsarki ta Hausa ta 1932 ya koya mana. Tana nan a wurina, bangon ya tafi. Mutanena da ke cika muku benci, Baba, don Allah a riƙa ba su karatu ko waƙa. Akwai wanda ya shekara 20 yana jan waƙa a ƙauye, a birni sai dai ya zauna a baya don rigarsa.

Katikis, Kafur:
Mu Katolika mun ga farin ciki a 2023, da aka cire Katsina daga Sakkwato ta zama dayosis, wato yanki mai bishop nasa, aka naɗa Bishop Gerald Mamman Musa, ɗan Malumfashi, a watan Disamba. Na ga tsofaffin da suka yi hawaye don Bahaushe ya riƙe sanda. Amma a ajin katikisma, addu'o'in da mu muka haddace da Hausa, yaran sun fi saurin kawo su da Turanci.

Maƙwabci daga Daura:
Ni Musulmi ne, abokina ya nuna mini hirar nan. Wallahi kamar a gidana. Da azumi, ni ina masallaci wurin tafsiri, ɗana yana gida yana bin malamai uku a TikTok, in na dawo ya tare ni da gyara.

Dattijo, cikin garin Katsina:
Malam mai bishara, turo mini sunan mai jan waƙar ta akwatin saƙo, zan kai wa shugaban mawaƙa kafin Asabar. Kai kuma ɗana na Ƙofar Ƙaura, lasifikarmu ta hagu wata huɗu ke nan tana ƙara kamar injin niƙa. In ka samu sarari ranar Alhamis bayan la'asar, ina nan a majami'a, makullin kabad ɗin yana wurina.