Fasuwad: kalmar sirri ce, mabuɗi ne, ko me za mu kira ta?

1/ Makon jiya Yaya ta sayi kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu don lissafin shagon ɗinkinta, ta ce in zo in hana yara buɗe mata ita. Windows 10 ce a kai, kuma ba a haɗa ta da asusun Microsoft ba, asusun yana kan na'urar kawai. Na kai ta gurin rubutawa na ce, "Yaya, sa kalmar sirri a nan." Ta ɗan yi tunani, ta buga sunan 'yar autarta. Haruffa biyar. Na ce ta yi gajarta. Ta ce, "Kai ka ce kalma, kalma kuma na sa."

2/ Gaskiyarta. Tun ranar nake juya abin a raina.

3/ Ga abin da ke bakin mutane. A kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, fasuwad za ka ji, ba wanda zai tsaya fassara maka. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram kod suke cewa, daga Faransanci. A rubuce kuwa kalmar sirri ce ta yi rinjaye, ita za ka tarar a shafin shiga na Wikipedia ta Hausa.

4/ Matsalata da ita ɗaya ce. Bahaushe in ka ce masa kalma, abu guda yake ji wanda ke da ma'ana: suna, gari, watan haihuwa. Shi kuma abin da ake so a gurin nan, gara ya zama dogo, ya zama ba wanda zai cinka. Windows tana karɓar haruffa manya da ƙanana, da lambobi, da alamomi, har tazarar da ke tsakanin kalmomi. Kana iya rubuta "akuya 3 sun ci danwaken Baba" cikakke, ta amsa. Wannan ai jimla ce. (Shawara a gefe: ka bar ƙ da ɗ da ɓ a nan. Ranar da allon rubutun Hausa ya ƙi fitowa a shafin shiga, kai da kwamfutarka sai kallo.)

5/ Wani malami ya ba ni shawarar mabuɗi. Na so ta ƙwarai, don hoton ya fito: ƙofa a rufe, abu a hannunka. Har ma ta dace da asalin abin. A farkon shekarun 1960, a jami'ar MIT ta Amurka, Fernando Corbató da abokan aikinsa suna da babbar kwamfuta ɗaya da mutane da yawa ke amfani da ita, sai aka ba kowa abin da zai buɗe nasa fayilolin kaɗai. Tamkar gidan haya ne, zaure ɗaya, kowa da ɗakinsa. Asusun kan na'ura ma haka yake har gobe: Yaya da nata, yara da nasu.

6/ Amma mabuɗi yana da aikinsa a wani gurin. Akwai lambar nan mai haruffa 25 da ake tabbatar da Windows da ita, akwai kuma mai lambobi 48 ta BitLocker, tsarin Windows na kulle faifan ajiyar kwamfuta, da ake ceto faifan da ita. Duk biyun mabuɗi ya fi dacewa da su. In muka kira komai mabuɗi, ranar da mai gyara ya ce kawo mabuɗin, ba ka san wanne yake nufi ba. Kwaɗon ƙofa kuwa, wanda wata ta kawo shawararsa, shi ake buɗewa, ba da shi ake buɗewa ba.

7/ Don haka na sauko. Kalmar sirri ta riga ta zauna, tayar da ita wahala ce. Abin da nake roƙo shi ne mu raba mata aiki da maƙwabtanta.

8/ Fin, wato lambobin nan huɗu ko fiye irin na katin ATM, ita ce lambar sirri. Kada a gwama su. A Windows ma sai ka sa kalmar sirri tukuna take barinka ka ƙara fin. Doguwar kuma, irin ta akuya da danwake, mu kira ta jimlar sirri. Da ita na fara ce wa Yaya, da ba mu yi gardama ba.

9/ Wadda na fi jin daɗinta ita ce ta akwatin ƙasa, inda ake rubuta abin da zai tuna maka in ka manta. Matashiya. Tuni muna da ita, ba sai an ƙirƙira ba. Sai dai a faɗa wa mutane cewa duk wanda ya buga ba daidai ba zai ga matashiyar a fili. Yaya "autata" ta rubuta a nan. Ko almajirin gidan ya san amsar.

10/ Aikatau kuma: sa. "Na sa wa kwamfuta kalmar sirri." Ban ga dalilin saita ko ƙirƙira ba. In canzawa za ka yi, danna Ctrl da Alt da Del tare, zaɓin yana nan.

11/ Inda na maƙale shi ne sunan asusun kansa. Asusu a kunnen Yaya gwangwanin tara kuɗi ne, sai da ta tambaye ni ko akwai caji. Bambancin kuma ba wasa ba ne: na Microsoft in ka manta kalmar sirrinsa, ta intanet za ka sake wata, amma na kan na'ura ba wani kamfani da ke riƙe maka shi, sai tambayoyin tsaro uku da ka amsa tun farko. Ni dai asusun kan na'ura nake cewa, ya yi mini tsawo. Wani ya ce asusun gida. Mutanen Nijar da na Zangon Kumasi, ku me kuke ce masa?