Don Allah a taimaka: daga ina ake auna tsayin ɗaki?

Maman Hanif: Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwana uku ke nan ban runtsa ba. A Sheffield muke, masu zuwa sun san garin duk tudu da gangare ne, bayan gidanmu ma a karkace yake. Shekara shida muna tari, har kwasar adashena na zuba, muka gina ɗan ɗaki a ƙarshen lambu don karatun yara, domin tun da surukata ta zo jinya falo ya yi mana kaɗan. Magini ya ce ba sai an nemi izini ba in dai bai wuce mita 2.5 ba. Yanzu maƙwabcinmu na gangare ya kai ƙara, ma'aikacin kansil, wato ƙaramar hukuma, ya zo ya auna ta can ya ce ya haura mita 3. Ta wajenmu 2.4 ne. Sun aiko takarda. Rushewa za su yi?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Hajiya kwantar da hankalinki, ke ce da gaskiya. Dokar 2015 ta Ingila ta ce ginin da ke cikin mita 2 daga iyaka kada ya wuce 2.5, amma in ƙasa ba daidai take ba, daga wuri mafi tudu da ke jikin ginin ake aunawa, ba daga gangare ba. A 2021 ma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta duba wata shari'a daga Swansea, inda mutum ya haƙe lambunsa yana son yin gini jikin katanga, ta yarda a auna daga ƙasar maƙwabci da ke bayan katangar. Kada ki taɓa bulo ko ɗaya.

Baban Zara: Injiniya a yi a hankali. Waccan a ƙarƙashin dokar Wales aka yi ta, kuma can ƙasar maƙwabcin ce a sama. Maman Hanif, tudun naku na asali ne ko ciko aka yi?

Maman Hanif: An ɗan zuba ƙasa da ɓaraguzai don a daidaita wurin, sai aka shimfiɗa katako a kai. Ai kowa haka yake yi. Maginin abokin ƙanin maigidana ne, ba zai cuce mu ba.

Baban Zara: To nan gizo ke saƙar. Jagorar gwamnati ta ce abin da aka ɗora bisa ƙasa, irin dandamalin katako, ba a lissafa shi a matsayin ƙasar da ake fara awo daga kanta. Shi kansa dandamalin in ya haura santimita 30 sai da izini. Ki nemo hotunan lambun kafin a fara aiki.

Anti Bilki: Ni maƙwabcin nake tausaya wa. A gidanmu na Kano haka na kusa da mu ya cike filinsa ya ɗaga, duk damina ruwansa a tsakar gidan mahaifiyata yake kwana. Shekara huɗu muna zarya wajen mai unguwa.

Maman Hanif: Anti mu ba ruwa muka tura masa ba. Mutumin ko sallamarmu ba ya amsawa tun da muka tare.

Injiniya: Na ce daga tudu ake aunawa, a rubuce yake. Ki nemi takardar shaidar halascin gini kawai.

Baban Zara: In suka ƙi ba ta fa? Gara ta nemi izinin bayan gini. Wace irin takarda ce ma suka aiko? In ta neman bayani ce, kwana 21 gare ki ki amsa. In ta umarnin gyara ko rushewa ce, dole a ɗaukaka ƙara kafin ranar da za ta fara aiki. Kuma akwai mai kwana a ɗakin? Wannan sassaucin na yin gini ba tare da izini ba bai shafi ɗakin kwana ba.

Maman Hanif: Takardar na wajen Baban Hanif, yana aikin dare. Surukata takan ɗan kishingiɗa a ciki da rana, ai ba kwana ba ne. Neman izini kuma kamar mun amsa laifi ke nan, ni ban ga abin da muka yi ba. Hotunan suna tsohuwar wayata da ta lalace. Akwai wanda ya san mai gyara a nan kusa?