Lambun bayan ɗaki da daminar da ba ta da tabbas

Uwargida, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum. Ina da ɗan fili a bayan ɗaki inda nake shuka kayan miya. Bana ruwan farko ya sauka da ƙarfi a ƙarshen watan Mayu, na shuka kuɓewa, alayyafo da tumatir, sai ruwa ya ɗauke kusan mako uku, tsiron ya ƙone ƙurmus. Na sake shuka, ga shi yanzu marka ta kama, ruwa ya kwanta a filin, ganyen tumatir ya yi rawaya yana zubewa. Shin in ci gaba, ko in haƙura sai rani?

Tsohon malamin gona, Argungu:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Ruwan farko ba ruwan shuka ba ne, domin ƙasar da ta sha zafin bazara takan shanye shi cikin kwana biyu, ta bar iri a tsakiyar ƙishirwa. Kafin ki zuba iri, ki tona ƙasa da hannu; idan laima ba ta kai zurfin tafin hannu ba, ki jira ruwa na gaba. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, takan fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, har da lokutan da ake tsammanin ɗaukewar ruwa, amma ko da kin ji shi a rediyo, kada ki zuba irinki a rana ɗaya. Ki kasa shi uku, ki bar kwana 10 tsakanin kowace shuka, ta yadda idan fari ya ci na farko, na biyu zai tsira. Tumatir kuwa ba ya shiri da marka, saiwarsa ruɓewa take yi. Ki rene shi a Satumba, ki dasa a Oktoba.

Mai lambu, Yauri:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma a kan tumatir ina da ja. Tun ambaliyar 2020 na mayar da lambuna cikin buhuna, kuma ina cin tumatir a watan Agusta. Nakan huda gindin buhu, in gauraya yashi da ƙasa da kashin awaki wanda ya riga ya ruɓe, in ɗora buhun a kan bulo a ƙarƙashin rumfa, inda rana ke shiga amma ruwa ba ya dukan ganye. Ɓuntun shinkafa, wanda muke da shi a yalwace, nake barbaɗawa a sama don ya riƙe laima. Ba ya yin 'ya'ya kamar na rani, amma yana isar miyar gida.

Wata 'yar uwa, Gwandu:
Yaya, ki ja kunya mai tudu, ki buɗe wa ruwa hanya. Sure, rama da lalo sun fi tumatir jure wa damina.

Uwargida, Birnin Kebbi:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Na duba da safe, ashe shara ce ta toshe magudanar da ke gindin katanga; yara sun buɗe ta, ruwan ya janye kafin azahar. Mai lambu, tumatir nawa kake sawa a buhu ɗaya?