Ɗana zai cika shekara 13, ta yaya zan nuna masa ƙaunar da nake yi masa?

Wata uwa ta rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwana iyaye. Ɗana zai cika shekara 13 a mako mai zuwa, kuma ina neman shawararku a kan abin da ya dace in yi masa ko in faɗa masa a wannan rana, domin hanyoyin da na saba bi a baya sun daina isa gare shi. Yaron da a da yake bin bayana duk inda na sa ƙafa, yana ba ni labarin abin da ya faru a aji daga farko har ƙarshe ba tare da na tambaya ba, yanzu idan na ce masa "yaya makaranta?" sai ya ce "lafiya lau" ya wuce ɗakinsa. Muryarsa ta fara buɗewa, tsayinsa ya kusa kamo nawa, takalmin da aka saya masa a farkon shekara kuma tuni ya matse shi. Idan na kai hannu zan gyara masa wuyan riga a gaban abokansa, sai ya ɗan ja da baya a hankali, ba da rashin kunya ba, amma a fili yake cewa ba ya so.

Ba ƙorafi nake yi a kan halinsa ba, domin yaro ne mai ladabi, yana karatunsa, yana kuma kula da ƙannensa. Abin da yake ci mini rai shi ne ƙaunar da nake yi masa kullum ƙaruwa take yi, hanyoyin nuna ta kuwa sai raguwa suke yi. Ba na so ranar ta ƙare a kan kyautar da zai karɓa ya ce ya gode, shi ke nan. Ina so ya kwana a wannan dare yana da yaƙinin cewa matsayinsa a zuciyata bai taɓu ba. Ku da kuka riga ni wuce wannan mataki, me kuka yi, kuma me kuka ga ya yi amfani?

Ma'aikaciyar jinya ta amsa:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah ya raya miki shi. Zan fara da kwantar miki da hankali a kan abin da ya shafi jiki, domin duk alamomin da kika ambata a kan lokacinsu suka zo. Balaga takan fara ne ga yara maza tsakanin shekara 9 zuwa 14, ga mata kuma tsakanin 8 zuwa 13, kuma namiji yakan yi tsayi mafi sauri a wajen shekara 13 zuwa 14, inda a shekara guda zai iya ƙara kimanin santimita 9 ko 10. Ƙafafu da hannuwa sukan riga sauran jiki girma, abin da ya sa takalmi yake fara matsewa kafin riga. Yaron da jikinsa yake sauyawa da irin wannan sauri yakan ji kamar idon kowa a kansa yake, saboda haka taɓawar da a da yake nema a gaban mutane, yanzu nauyi take yi masa.

Akwai kuma batun barci, wanda iyaye da yawa suke ɗauka lalaci ne. A wannan shekaru, sinadarin melatonin da yake kawo barci yakan jinkirta fitowa da dare, sai yaro ya kasa barci da wuri, alhali masana sun ce wanda yake tsakanin shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar awa 8 zuwa 10 a kowane dare. Idan kin ga ya tashi da safe fuska a murtuke, sau da yawa barci ne bai ishe shi ba. Na kawo wannan ne domin ki zaɓi lokacin da za ki yi masa magana a ranar: da yamma ko da dare, bayan gida ya yi shiru, ya fi da sassafe ana shirin fita.

Malamin makarantar sakandare ya amsa:

Malama, ina koyar da yara masu irin shekarun ɗanki, kuma abin da zan gaya miki shi ne waɗanda suke amsa wa iyayensu da kalma ɗaya a gida, su ne nake jin suna cewa "mamata ta ce" a tsakiyar gardama da abokai, suna kafa hujja da maganarta. Jan jikin da kike gani an daɗe da auna shi. Wani masani mai suna Reed Larson da abokan aikinsa sun wallafa wani bincike a 1996 a kan yara 'yan makaranta a kewayen birnin Shikago na Amurka, inda suka ga cewa lokacin da yaro yake yi tare da iyalinsa yana sauka daga kashi 35 cikin 100 na sa'o'in da yake a farke a aji biyar na firamare, zuwa kashi 14 a ajin ƙarshe na sakandare. Sai dai abin da ya fi jan hankalina a binciken shi ne lokacin da yaro yake yi shi kaɗai da uwa ko uba bai ragu kamar haka ba, kuma raguwar zaman gida ba saɓani ne ya jawo ta ba, abokai da harkokin waje ne suke jan sa. Ma'ana, zaman taron dangi ne yake fita daga ransa, zama da ke ke kaɗai yana nan da darajarsa.

Saboda haka shawarata ita ce ki ware masa lokaci a ranar, daga ke sai shi, ban da ƙannensa. Ku fita tare, ko ku yi wani aiki da hannuwanku, domin na lura samari sun fi sakin baki idan kuna tafiya kafaɗa da kafaɗa fiye da idan an zaunar da su ana kallon ƙwayar idonsu.

Idan kuma za ki yabe shi, ki guji yabo na gama-gari irin "kai yaron kirki ne" ko "kai mai basira ne". Wasu masu bincike biyu, Claudia Mueller da Carol Dweck, sun nuna a 1998 cewa yaran da aka yaba wa basira sun fi gudun aiki mai wuya, sun kuma fi saurin karaya bayan sun faɗi, idan aka kwatanta su da waɗanda aka yaba wa ƙoƙari. Ki nemo abu takamaimai da ya yi a wannan shekara wanda yake zaton ba ki gani ba, kamar ranar da ya zauna da ƙaninsa har ya gane lissafi ba tare da ya ɗaga murya ba, ki faɗa masa kin gani.

Wani dattijo mai jikoki ya amsa:

'Yata, na karanta tambayarki da amsoshin da aka ba ki, duka suna kan hanya. Ni dai zan ƙara abu guda wanda babu wanda zai iya ba yaron nan sai ke, wato labarin kansa. Yawancin mutane ba sa tuna abin da ya faru da su kafin shekara uku zuwa huɗu da haihuwa. Wannan yana nufin shekarun da kika fi shan wahalarsa, na goyo da raino da tashin dare, su ne shekarun da shi ba shi da komai nasu a ƙwaƙwalwarsa. Kina kallonsa kina ganin jariri da mai rarrafe da ɗan firamare duka a fuska ɗaya, shi kuwa saurayin yau kawai ya sani. Daga nan ne bambancin da kike ji yake tasowa, kuma ranar haihuwarsa ita ce ranar da ya fi dacewa ki miƙa masa wani abu daga cikin abin da kika daɗe kina riƙe masa.

Lokacin da 'yata ta kai irin wannan shekaru, na rubuta mata wasiƙa da hannuna, shafi ɗaya da rabi. Ban sa nasiha a ciki ba ko layi ɗaya. Na ba ta labarin daren da zazzaɓi ya kama ta tana 'yar wata tara, yadda ta ƙi yarda a kwantar da ita, na yi ta zagaya ɗaki da ita a kafaɗa har gari ya waye, da yadda ta riƙe maɓallin rigata da 'yan yatsunta har zaren ya tsinke. Na gaya mata kalmar farko da ta furta, da yadda take ɓoye takalmina a ƙarƙashin gado idan ta ga ina shirin fita. Daga ƙarshe na rubuta mata abin da nake gani a cikinta a lokacin, wato ba ta iya ganin ana zaluntar wani ta yi shiru. Na ajiye wasiƙar a kan littattafanta. Ba ta ce mini komai ba a ranar, ba ta ce komai ba a wannan makon, sai dai na lura washegari ta zo ta zauna kusa da ni tana aikin makarantarta, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Labarin zuciya a tambayi fuska. Sai bayan ta haifi nata ɗan ne ta gaya mini cewa wasiƙar tana nan a wurinta, kuma takan ɗauko ta idan al'amura suka yi mata nauyi.

Amfanin rubutu a wannan shekaru shi ne ba ya tilasta wa yaro ya mayar da martani a gabanki. Zai karanta shi kaɗai, ya ji abin da zai ji ba tare da kunya ba. Abin da zan roƙe ki kawai shi ne kada ki tsaya jiran godiya, kada kuma ki tambaye shi ko ya karanta. Kin tuna lokacin da kike koya masa tafiya: kin saki hannunsa, amma ba ki bar wurin ba. Irin wannan tsayuwar ce ake buƙata daga gare ki yanzu.

Uban 'yan mata biyu ya amsa:

Baba, Allah ya ƙara girma, maganarka ta ratsa ni. Sai dai ina so in ja hankalin 'yar'uwarmu ga wani ɓangare, domin duk abin da muka faɗa zuwa yanzu abin da uwa za ta yi ne, ba mu tambayi abin da yaron yake so ba. Ranar tasa ce. Akwai yaron da taron jama'a yake faranta masa rai, akwai wanda abokai biyu sun ishe shi, akwai kuma wanda babu abin da ya tsana kamar a sa hotonsa na yarinta a Facebook ko WhatsApp da dogon rubutu a ƙasa, abokan ajinsa su gani su yi ta tsokanarsa. Mu iyaye mukan yi hakan da zuciya ɗaya, amma yaro ɗan shekara 13 yakan ɗauke shi a matsayin tonon asiri. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 ta tanadi a sashe na 12 cewa a saurari ra'ayin yaro a kan abin da ya shafe shi, gwargwadon shekarunsa da hankalinsa, kuma a ganina babu inda ya fi cancanta a fara aiki da wannan kamar cikin gida.

Abu na biyu, kyautar da ta fi tasiri a kan babbar 'yata ba abin da aka naɗe a takarda ba ne. Na kira ta na ce daga yau na ba ta damar tsara lokacin karatunta da kanta, ba zan ƙara tsaya mata a kai ba, kuma za mu duba yadda abin yake tafiya a ƙarshen zangon karatu. Na ga yadda ta gyara zama. Yaro mai tasowa yana auna ƙaunar iyaye da irin amanar da aka ba shi. Ban ce a sakar masa komai ba, domin sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda yake kula da hangen nesa da danne zuciya, ba ya kammala girma sai wajen shekara 25. Iyaka tana nan, amma a riƙa faɗaɗa ta kaɗan-kaɗan, a kuma gaya masa cewa halinsa ne ya jawo aka faɗaɗa.

Uwar da ta yi tambaya ta sake rubutawa:

Na gode muku ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na tambaye shi jiya da dare abin da yake so, ya ce abokansa biyu kawai yake so su zo, kuma ya roƙe ni kada a sa hotonsa a ko'ina, na kuma yi masa alkawari. Zan rubuta wasiƙar, zan kuma ba shi amanar tsara lokacin karatunsa. Baba, tambaya ɗaya ta rage mini. Akwai lokacin da ya yi rashin lafiya mai tsanani yana ƙarami, har muka fara fid da rai, shi kuma bai san da wannan ba. Ya dace in sa shi a cikin wasiƙar, ko zai yi masa nauyi?

Dattijon ya amsa:

'Yata, ki sa shi, amma a taƙaice, kuma ki fi ba da ƙarfi ga yadda ya jure da yadda ya warke fiye da irin tashin hankalin da kuka shiga. Idan kika tsawaita bayanin wahalarki, zai iya karanta ta kamar bashi ne ake tuna masa, yaro kuwa bai kamata ya ji ana bin sa bashin rainonsa ba. Ki faɗi abin da ya same shi, da shekarunsa a lokacin, da abin da ya fara nema ranar da ya samu sauƙi. Idan ya so ƙarin bayani zai zo ya tambaye ki da kansa, ko da bayan watanni ne, a lokacin sai ku zauna ki ba shi labarin gaba ɗaya. Ki kuma rubuta kwanan wata a saman takardar, ki sa hannu a ƙasa da sunan da yake kiran ki da shi.