Zan iya ɗauko ruwan naitirojin a filas in hau lifta da shi?

Sabuwar_Lab:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah masu aikin lab ku taimaka min. Sati biyu ke nan da fara aikina a ɗakin gwaje-gwaje inda ake ajiye samfura cikin ruwan naitirojin, to jibi ni za a aika in ɗebo daga babban tankin da ke ƙasa in kai hawa na uku, kuma tulun da ake ɗebo shi a ciki nauyi gare shi wallahi. Shi ne nake cewa ko in zuba kamar lita biyu a filas in ɗaure murfin tam in hau lifta? Sannan safar robar da muke sawa kullum ta isa? Na ga wani ya watsa a bayan hannunsa bai ƙone ba, sai nake ganin kamar zuzuta abin ake yi.

Tsohon_Teknishan:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Kar ki kuskura ki rufe shi tam, ko a filas ko a kwalba ko a mene ne. Ruwan nan a digiri 196 ƙasa da sifili yake tafasa, wato tun da aka zuba shi tafasa yake yi ba tsayawa, kuma lita ɗaya in ta koma iska tana kai wajen lita 700, to ki lissafa lita biyunki a cikin abin da ba shi da hanyar fita, bam kika haɗa kika rungume. Shi ya sa tulun Dewar, wato tulun musamman da ake zuba ruwan nan a ciki, murfinsa sakwa-sakwa yake, ba lalacewa ya yi ba, haka aka ƙera shi don iskar ta dinga fita.

Amma ni abin da ya fi tsorata ni maganar lifta ce. Kowa sanyin yake tsoro, alhali abin da ya fi kisa shaƙewa ce. Naitirojin ba wari ba launi, sai ya kore oksijin daga ɗaki kina tsaye ba ki sani ba. Iskar da muke shaƙa oksijin ɗinta wajen kashi 21 ne, ya sauka ƙasa da 19.5 an shiga haɗari, kuma jiki ba ya ƙorafi yadda kike zato, ɗan jiri ne kawai sai faɗuwa. A 2021 mutum shida suka rasu a wata masana'anta a jihar Jojiya ta Amurka saboda yoyon ruwan nan. Yanzu a ce lifta ta tsaya da ke tsakanin hawa biyu fa? Ki ɗora tulun a keken turawa, a sa shi a lifta shi kaɗai da takardar gargaɗi kar kowa ya shiga, wani ya jira a sama ya karɓa, ke ki bi matakala.

Mai_Kemistiri:
Malam ya gama magana. Batun wanda ya watsa a hannu kuwa, irin ɗigon ruwa ne a kan ƙarfe mai zafi da yake ta gudu, tururin da ke ƙarƙashinsa ne ya hana shi taɓa fata, kuma na ɗan lokaci ne ƙalilan. Ya samu wurin taruwa an gama. Safar roba ba ta tare komai, in ma ya shige ciki sai ta riƙe shi a jikin fata. Ki nemi safa mai kauri ta musamman da aka yi don aiki da irin ruwan nan mai tsananin sanyi, wadda ta yi miki ɗan yawa yadda za ki yarfe ta nan take, ga garkuwar fuska, ga takalmi rufaffe, ƙafar wando ta sauko bisa takalmin ba a cusa ta ciki ba. Zobe da agogo a cire. Ko da safar ma ba a tsoma hannu, hantsaki ake sawa.

In ya taɓa ki kar ki murza wurin, ruwa mai ɗumi-ɗumi ba mai zafi ba, sai asibiti.

Sabuwar_Lab:
Innalillahi, Allah ya sa na tambaya. To in na shiga ɗakin tankin na ga wani a kwance fa?

Tsohon_Teknishan:
Kar ki shiga. Na san zuciya ba za ta so ba, amma haka ake rasa mutum biyu maimakon ɗaya, domin iskar mai sanyi ƙasa take kwanciya, kina sunkuyawa ɗaga shi ke ma kin tafi. Ki bar ƙofa a buɗe ki kira masu na'urar numfashi. Kuma gobe tun da safe ki duba ko akwai mitar oksijin a bangon ɗakin kuma tana aiki, ki ce wa oganku sai an haɗa ki da wanda ya saba kafin ki taɓa famfon tankin.

Mai_Kemistiri:
Af na manta, ƙananan kwalaben samfur da kuke cirowa su ma suna fashewa in ruwan ya shige ciki suka fara ɗumi, don haka garkuwar fuskar nan kar ki cire sai sanyinsu ya gama fita.