Daga ina ƙamshin ƙanzo yake fitowa a ruwan tsiron sha'ir na Jamus?

Ɗan Mabera ya rubuta:

Assalamu alaikum. Tambayata tana zuwa ga waɗanda suka san harkar sarrafa hatsi, da kuma waɗanda suka taɓa zama a ƙasar Jamus. Ƙanena da ke karatu a can ya zo hutu a watan jiya, kuma cikin tsarabar da ya kawo akwai kwalabe huɗu na wani abin sha da ake yi da tsiron sha'ir, dangin maltinar da muka saba da ita, wanda aka rubuta 0,0% a jikin takardarsa. Na sa ɗaya a firji, bayan sallar isha'i na tsiyaya a kofin gilashi, na ɗaga shi saitin ƙwan lantarki. Launinsa ja ne mai duhu, kamar jar fatar akuya da dukawanmu ke aiki da ita, kumfarsa kuma ta daɗe a bakin kofin ba ta kwanta ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ƙamshin. Da farko na ji kamar ɓawon burodin da aka fito da shi daga tanda yanzu, sannan da na kurɓa sai na ji wani abu tsakanin zuma da ƙanzon tuwo, wato ƙanzon da ya yi ja bai kai ga ƙonewa ba. Zaƙin yana nan, amma bai riga sauran ɗanɗanon isa harshe ba, kuma a ƙarshe akwai ɗan ɗaci kaɗan da ke wanke baki. Da abin ya ɗan huce daga sanyin firji, ƙamshin ya ƙara fitowa.

Da na faɗa wa ƙanen nawa haka, sai ya ce ai wannan ƙamshin shi ne Jamusawa ke yabo a wata giya tasu ta lokacin kaka da suke kira Märzen. Maganar ta tayar mini da hankali har na ajiye sauran kwalaben uku ban sake taɓa su ba. Ina so in sani: shin wannan ɗanɗanon daga barasa yake fitowa ko daga hatsin? Idan kuma daga hatsin ne, za a iya samun irinsa da dawa ko geronmu ta hanyar da babu shubuha?

Baƙon Munich ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Na yi shekaru ina karatu a Munich, kuma ko da yake ban taɓa kai giya bakina ba, wanda ya zauna a birnin ba zai rasa sanin labarinta ba, domin a wasu unguwannin iska kan ɗauko ƙamshin dafaffen tsiro daga masana'anta ta kawo har bakin titi. Ƙamshin da ka kwatanta shi ne nake ji a irin waɗannan ranakun, kuma a wannan matakin babu ko ɗigon barasa a cikin tukunyar, ruwan hatsi ne kawai ake tafasawa.

Sunan Märzen daga sunan watan Maris yake a harshensu. A shekarar 1553 aka yi doka a Bavariya, yankin da Munich take, cewa ba a dafa giya sai tsakanin 29 ga Satumba da 23 ga Afrilu, domin wadda aka dafa a lokacin zafi takan lalace. Saboda haka sai su yi dahuwar ƙarshe mai yawa a watan Maris, su ƙara mata ƙarfi, su adana ta a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa masu sanyi, wani lokaci da ƙanƙarar da suka sara tun da hunturu, ta yi ta kwana har kaka. Kalmar laga ma, sunan irin wannan giyar da ake adanawa a sanyi, asalinta daga kalmarsu ce ta adanawa. Wannan yakan ba ni mamaki idan na tuna cewa watan da su suke bankwana da sanyi shi ne watan da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, lokacin da ko kunu ba ya kai yamma lafiya. Daga baya aka haɗa sunan wannan giya da bikin Oktoberfest, wanda ya samo asali daga shagalin auren Yarima Ludwig da Gimbiya Therese a watan Oktoba na 1810, duk da cewa wadda aka fi sayarwa a filin bikin a yanzu ta fi ta da hasken launi.

Abokan karatuna da ke shan ta suna kwatanta ta da kalmomi irin naka: ɓawon burodi, gasasshen hatsi, ɗan ɗaci a ƙarshe. Ɗacin daga wani fure ne da ake kira hop, wanda yana cikin abubuwa uku da dokarsu ta 1516 ta amince da su, tare da ruwa da sha'ir. Amma ita Märzen giya ce cikakkiya, barasar da ke cikinta ta kusa kashi 6 cikin 100, saboda haka babu wata magana a kanta a wurinmu.

Inda nake so ka lura shi ne rubutun kwalba. A Jamus, abin shan da aka rubuta wa alkoholfrei yana iya ƙunsar barasa har kashi 0.5 cikin 100 kuma doka ta yarda. Akwai kuma bambanci tsakanin abin da tun farko ba a bari ya zama giya ba, da giyar da aka gama sannan aka cire mata barasa. Ka sa ƙanenka ya karanta maka duk takardar, ba lambar kaɗai ba.

Hajiyar Runjin Sambo ta amsa:

Ɗana, ni ban san Jamus ba, amma na fi shekara ashirin ina yin kunun zaƙi na sayarwa, kuma abin da kake tambaya a kai aikin hannunmu ne na kullum. Zaƙin kunun zaƙi na asali ba daga sukari yake ba, daga tsiro yake. Nakan jiƙa shinkafa shanshera ta kwana, in tsane ta, in baza a kan buhu a inuwa in rufe da wani jiƙaƙƙen buhun, ina yayyafa ruwa safe da yamma. A kwana na uku ko na huɗu za ka ga fararen saiwoyi sun sarƙe da juna har sai an sa hannu an warware su, kuma idan ka tauna ƙwaya ɗaya za ka ji ta yi laushi da ɗan zaƙi. Daga nan sai shanya.

Ranar da za a yi kunu, nakan raba gasarar gero biyu, in dama kaso mafi yawa da tafasasshen ruwa har ya yi kauri, sannan in bar shi ya sha iska. Ba a zuba niƙaƙƙen tsiron yana tafasa, ba a kuma bari ya huce sarai. Ana zuba shi ne lokacin da yatsa zai iya taɓawa amma ba zai iya daɗewa a ciki ba. Kana tsaye za ka ga kunun da ludayi ke tsayawa a cikinsa ya fara tsinkewa, kafin safiya ya zama ruwa mai zaƙi, sai tacewa. Yaran yanzu da yawa sun bar wannan wahalar, suna dama gasara su zuba sukari, shi ya sa kunun nasu zaƙi ne kawai babu gardi.

Game da ƙamshin ƙanzo, na lura cewa tsiron da na shanya a kan kwano da rana tsaka ya fi wanda ya bushe a inuwa ƙamshi, kuma akwai lokacin da damina ta hana ni shanya na ƙarasa busar da shi a kasko, kunun ranar ya fito da launi mai duhu da ƙamshi kamar na gasasshiyar gyaɗa, sai dai bai yi zaƙi kamar kullum ba. Gargaɗina ɗaya ne: ruwan tsiro ba ya son kwana a zafi. Idan ka ga jarka ta kumbura, ko ta yi tsaki da ka buɗe murfin, to ya fara juyawa, ni kuma zubarwa nake yi ko da asara ce.

Malamin Kimiyyar Abinci ya amsa:

Inna Hajiya ta riga ta ba da amsar a aikace, ni bayanin dalili kawai zan ƙara. Ƙwayar hatsi rumbun sitaci ce. Idan ta jiƙa ta fara tsiro, takan samar da wasu sinadarai da ake kira amilas, waɗanda aikinsu shi ne su yayyanka sitacin ya koma sukari domin ɗan tsiron ya ci. Mai yin tsiro yana dakatar da shukar ne ta hanyar busarwa, sinadaran kuma su zauna a cikin ƙwayar suna jiran ruwan ɗumi. Sun fi aiki tsakanin digiri 60 zuwa 72, kuma suna mutuwa idan zafi ya doshi 80. Wannan shi ne ma'aunin da Inna ke yi da yatsa, kuma tsinkewar kunun da take gani ita ce sitaci yana komawa sukari.

Launi da ƙamshi kuwa daga busarwa suke. Tsiron sha'ir mai haske ana ƙarasa busar da shi a wajen digiri 80 zuwa 85, amma wanda ake kira tsiron Munich ana ɗaga masa zafi tun yana da sauran laima, a ƙarasa shi a sama da digiri 100 kaɗan. A wannan yanayin sukari da sinadaran furotin na ƙwayar suna haɗuwa su haifar da jan launi da ƙamshin gashi, abin da masanin kimiyya ɗan Faransa Louis-Camille Maillard ya bayyana a 1912. Shi ne dai ke faruwa a ɓawon burodi, da gefen tsire, da ƙanzon tukunya, don haka hancin Malam bai yi kuskure ba. Barasa ba ta shigowa sai yis ya shiga ruwan ya cinye sukarin, wanda mataki ne na daban da ke zuwa daga baya. Kunun Inna na ranar kasko ya rage zaƙi ne saboda wutar da ta ba shi ƙamshi ita ce ta kashe wani ɓangare na amilas ɗin.

Batun ko dawa za ta iya, ai ƙasar nan ta riga ta gwada. Maltina ta shigo kasuwa a 1976, kuma da gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, dole kamfanoni suka koma ga dawa da masara. Dawa tana da halinta: sitacinta yana buƙatar zafi fiye da na sha'ir kafin ya nuna, zafin da zai kashe sinadaran tsiron, shi ya sa dabarar dafa wani kaso daban, a bar shi ya sha iska, sannan a zuba tsiro, ita ce daidai. Iyayenmu mata sun gano wannan tun kafin a rubuta shi a littafi.

Shawarata ita ce ka raba tsironka uku, ka gasa kaso ɗaya a kasko da wuta kaɗan tun bai gama bushewa ba, kana juyawa har ya yi ja, sauran biyun ka bar su yadda rana ta busar da su domin su yi aikin zaƙi. Amma ka kiyaye da abu guda: saiwa da ɗan ganyen tsiron dawa suna ɗauke da sinadarin da ke sakin gubar sayanayid, wanda shi ne dalilin da makiyaya ke hana dabbobi cin gyauron dawa. Bayan ya bushe, ka murje shi sosai a tafin hannu, ka bakace a faifai har saiwoyin su fita, sannan ka tafasa ruwan da ka tace kafin a sha.

Almajirin Ƙofar Rini ya amsa:

Ba ni da ilmin ba da fatawa, amma ina tunatar da mu hadisin da ya tabbata cewa abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Malamai sun yi bayani a kan abin da asalinsa giya ne aka cire masa barasa, kuma maganganunsu sun bambanta, saboda haka ina ganin Malam ya kai kwalbar da fassarar takardarta wurin malamin da ya amince da shi. Tsiro kansa dai hatsi ne, kuma babu wanda na sani yana tuhumar kunun zaƙin da aka sha a ranarsa.

Ɗan Mabera ya sake rubutawa:

Allah Ya saka muku da alheri. Ƙanena ya karanta mini takardar, kuma abin da ke ciki shi ne ruwa, da tsiron sha'ir, da sukari, da iskar gas, da ruwan furen hop. Gobe in Allah Ya yarda zan kai wa malaminmu bayan karatun asuba, sauran kwalaben kuma suna nan a ajiye har in ji daga gare shi.

Na kuma gwada shawarar Malamin Kimiyya da Inna da mudu ɗaya na jar dawa. Ta yi tsiro a kwana uku, na gasa kaso ɗaya a kasko, kuma tun ina juyawa uwargida ta leƙo daga ɗaki tana tambaya ko burodi ake gasawa. Ruwan da na tace ya fito ja, ƙamshin ƙanzon yana nan sarai, ko da yake akwai wani ɗan bauri a ƙarshe wanda babu shi a na kwalbar, kuma bai kai shi kauri a baki ba. Inna, ina neman shawararki: baurin nan daga jar dawar yake, in koma fara ko kaura, ko kuwa wutar kaskon ce na bari ta yi yawa?