Gaisuwar mutuwa ta WhatsApp ta wadatar kuwa?

Abu Safwan:
Assalamu alaikum. Watan jiya Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa a Funtuwa. Kafin azahar guruf ɗin danginmu ya cika da "Allah ya jiƙansa", wasu ma sitika ce iri ɗaya, wannan ya turo, wancan ya kwafa. Amma kwana ukun da muka yi muna zaman makoki, 'yan'uwa da yawa da muke gari ɗaya, waɗanda ko kuɗin acaɓa ba za su kashe ba, ba su tako ba. Wani tsoho ne ya tsaya mini a rai, abokin Baba tun suna cinikin auduga. Ya zo yana dogara sanda, ya zauna a bakin tabarma yana jan carbi har la'asar. Ni ne na sa abin a rai da yawa, ko kuwa wayar nan ce ke cinye mana zumunci?

Maman Khairat:
Allah ya jiƙan Baba, ya ba ku haƙuri. Yaya, kada ka ɗora wa waya laifin duka. Ƙanena na aiki a Jidda, shekara huɗu bai zo gida ba, amma duk Juma'a Inna na ganin fuskarsa, har ta yi masa faɗan ya rame. Na kusa da ya fake da saƙo, dama can ba mai zuwa ba ne.

Ɗan Gusau:
Ina gida a Satumbar 2021 da aka katse layukan waya a Zamfara saboda 'yan bindiga. Mun ji jiki, masu POS duk suka tsaya. Sai dai a lokacin, in kana son labarin mutum dole ka taka zuwa ƙofar gidansa. Majalisarmu ta bayan magariba ta farfaɗo. Layi na dawowa kowa ya sake sunkuyar da kai.

Malam Auwal:
Abu Safwan, ba kai kaɗai ke wannan tunanin ba. A 2021 Frances Haugen, wata tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, ta fallasa takardun cikin gida na kamfanin, suka nuna ya san manhajarsa ta Instagram na ƙara wa wasu 'yan mata damuwa game da surar jikinsu. Da tallace-tallace suke cin abinci, saboda haka daɗewarka a kan allo ita ce ribarsu. Abu Safwan, ka samu ka leƙa tsohon nan, shi ma ya yi rashi.

Abu Safwan:
Wallahi Malam ban yi wannan tunanin ba. Gobe bayan sallar Juma'a zan je, in sha Allah.